Ra'ayin riƙau na asali: me Burke da lauyoyin Ingila suke karewa?

Wata ɗaliba da ke karatun lauya a aji uku ta aiko da tambaya. A darasin falsafar doka an koya musu masu cewa doka umarnin mai iko ce, an koya musu masu cewa akwai dokar ɗabi'a da ke sama da ta ɗan'adam, sai malami ya ambaci ra'ayin riƙau na asali da sunan Edmund Burke, ya wuce. Ita dai abin da ta sani, mai ra'ayin riƙau shi ne wanda ba ya son canji. Tana tambaya, shin ƙin canji har ya isa a kira shi falsafa, kuma me ya haɗa shi da doka?

Malama, da ƙin canji ne kawai, da ba a ɓata lokacin ɗalibai da shi ba, don kowane mai kujera ba ya son a taɓa kujerarsa, kuma ba ya buƙatar littafi kafin ya ƙi. Abin da ya sa ra'ayin ya samu gurbi a falsafa shi ne wata magana da yake yi a kan ilimi: abin da kai ɗaya, ko zamani ɗaya, zai iya sani game da yadda al'umma ke tafiya ɗan kaɗan ne, alhali dokoki da al'adu da hukumomin da suka daɗe suna aiki sun tara gogewar mutane masu ɗimbin yawa waɗanda suka yi kuskure suka gyara, suka sake kuskure suka sake gyarawa. Saboda haka idan mai gyara ya zo da tsari a takarda, nauyin kawo hujja yana kansa, ba a kan tsohon tsarin ba. Alaƙarsa da doka kuwa ta fi yadda kike zato, domin asalinsa tunanin lauyoyi ne aka ɗauko aka kai fagen siyasa.

Mu fara da mutumin da ake jingina wa ra'ayin. An haifi Burke a Dublin a 1729, mahaifinsa lauya ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Katolika ce a lokacin da dokokin Ireland suka hana Katolika riƙe muƙami da mallakar ƙasa yadda suke so. Ya je Landan a 1750 karatun lauya, ya watsar ya koma rubutu, daga baya ya shiga majalisa. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne ba ɗan jam'iyyar Tory ba ne, ɗan Whig ne, wato ɓangaren da ke son a taƙaita ikon sarki. A 1775 ya tashi a majalisa yana roƙon a sasanta da mazauna Amurka maimakon a yaƙe su a kan haraji. Ya nemi a sassauta wa Katolikan Ireland. Shi ne kuma ya jagoranci gurfanar da Warren Hastings, tsohon gwamnan kamfanin Ingila a Indiya, shari'ar da aka buɗe a 1788 aka rufe a 1795 da wanke Hastings. A can ne aka kawo hujjar cewa mutanen Asiya mulkin kama-karya kawai suka sani, don haka ba a auna gwamna da ma'aunin Turai. Burke ya ce ƙarya ne, ya kafa hujja da cewa sarkin Musulmi ma yana ƙarƙashin shari'a, ba sama da ita ba. Kin ga ke nan wannan ba mutum ba ne da ke bin duk inda mai iko ya bi.

To me ya sa shi ya juya wa juyin juya halin Faransa baya, har ya rabu da amininsa Charles James Fox a bainar majalisa a 1791? A watan Nuwamba na 1789 wani malamin coci, Richard Price, ya yi wa'azi a Landan yana cewa abin da Faransawa suka yi shi ne abin da Ingila ta yi a 1688, lokacin da ta kori Sarki James na Biyu: jama'a na da ikon zaɓar masu mulkinta, ta tsige su, ta tsara gwamnati yadda ta ga dama. Littafin Burke kan juyin Faransa, wanda ya fito a Nuwamba 1790, martani ne ga wannan wa'azi. Ya ce mutanen 1688 ba su yi iƙirarin ƙirƙirar komai ba. Sun ce sarki ya keta haƙƙoƙin da aka gada tun daga yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, suka canza sarki, suka bar sarauta da majalisa da kotuna a inda suke, suka rubuta haƙƙoƙin a dokar 1689 a matsayin gado. A wajen Burke 'yancin Bature ɗan Ingila gado ne irin wanda ba a sayarwa, ka karɓa daga iyaye, ka ci moriyarsa, ka miƙa wa 'ya'ya. Daga nan ya yi maganarsa da ta fi shahara, cewa al'umma tarayya ce tsakanin rayayyu da matattu da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Faransawa kuwa share fili suka yi. Majalisarsu ta ƙwace filayen coci a Nuwamba 1789, ta buga kuɗin takarda a kansu, ta soke tsofaffin larduna ta yanka ƙasar gida 83 a 1790, ta rushe tsofaffin manyan kotuna. Burke ya ce idan ka rushe duk abin da mutane ke yi wa biyayya don sabo da ƙauna, abin da zai rage ya riƙe su shi ne ƙarfi, kuma ƙarshen zancen wani janar da sojoji ke so zai karɓe komai. Ya rubuta haka sarki na kan gadonsa. An fille kan Louis na Sha Shida a Janairu 1793, Napoleon ya karɓi mulki a 1799, shekara biyu bayan mutuwar Burke. Wannan hasashe ne ya ɗaga sunansa. Ni dai ba na so ɗalibai su dogara da shi sosai, domin yaƙin da sarakunan Turai suka ɗaura da Faransa daga 1792, wanda Burke da kansa ya yi ta zuga a ci gaba da shi, yana cikin abin da ya haifar da zubar da jinin da kuma hawan sojan.

Yanzu ga inda ya shafi karatunki kai tsaye. Wannan tunani na gado da tarin gogewa, Burke a wajen lauyoyin dokar gama-gari ta Ingila ya same shi, wato dokar da ba majalisa ce ta zauna ta rubuta ba, alƙalai ne suka gina ta shari'a bayan shari'a. Babban alƙali Edward Coke ya ba da labarin wani zama da ya yi da Sarki James na Ɗaya wajen 1607. Sarki ya ce ai doka a kan hankali aka gina ta, shi ma kuwa yana da hankali kamar alƙalai, don haka zai iya yanke shari'a da kansa. Coke ya ce gaskiya ne Allah ya hore wa sarki basira, amma bai karanci dokokin ƙasarsa ba, kuma shari'ar da ta shafi rai da gado da dukiyar talakawa ba a yanke ta da hankalin da aka haifi mutum da shi, sai da hankalin da aka horar ta dogon nazari da gogewa. Sarki ya fusata, ya ce wannan na nufin yana ƙarƙashin doka ke nan, faɗin haka kuwa cin amanar sarauta ne. Coke ya amsa da maganar wani tsohon masanin doka, Bracton, cewa sarki ba ya ƙarƙashin kowane mutum, amma yana ƙarƙashin Allah da doka. Labarin daga bakin Coke ya fito, kuma ba mamaki ya ƙara wa kansa jarumta, sai dai an sauke shi daga muƙaminsa a 1616, abin da ke nuna rikicin ba wasa ba ne.

Ki lura da abin da Coke ya yi. Ya yi amfani da tsufan doka ya taka wa sarki burki. Ma'aunin da ya hana James yanke hukunci da basirarsa shi ne dai Burke ya ɗauko ya hana majalisar Faransa sake ƙera ƙasa da tata basirar. Mai ra'ayin riƙau na asali ba ya yarda da kowane iko da ke cewa hankalinsa kaɗai ya isa, sarki ne ko taron jama'a.

Wani alƙalin, Matthew Hale, wanda ya rasu a 1676, shi ya amsa tambayar da ke biyo baya: idan dokar tana canzawa kullum, ta yaya za a ce ita ce dai ta dā? Ya kawo misalin jirgin ruwa na tatsuniyar Girka wanda ya yi doguwar tafiya ana ta canza masa katako, har ya dawo gida da ƙyar a samu katakon farko a jikinsa, amma shi ne dai jirgin. Burke ya faɗi haka da harshen siyasa, ya ce ƙasar da ba ta da hanyar yin canji ba ta da hanyar kiyaye kanta. Ashe rigimar duka a kan salon canji ce: a gyara inda ciwo ya bayyana, a gyara kaɗan, a jira a ga sakamako, a yi amfani da kayan da ke hannu.

Kin riga kin san yadda wannan ke aiki, ko da ba a gaya miki sunansa ba. A watan Agusta na 1928, a garin Paisley na Scotland, aka saya wa May Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha rabi, aka juye sauran, sai ga abin da ta ce ruɓaɓɓen dodon koɗi ne. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa, balle mai kamfanin. A 1932 alƙalan Majalisar Dattijan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, uku cikin biyar suka ce tana da damar ƙara. Lord Atkin bai ce ga sabuwar doka na ƙirƙiro ba. Ya bi tsofaffin hukunce-hukunce ɗaya bayan ɗaya, ya ce akwai wata ƙa'ida da ke kwance a ƙarƙashinsu, ta kula da wanda aikinka zai iya cutarwa, ya fito da ita fili. Dokar sakaci da kike haddacewa yau daga nan ta tsiro. Canji ne babba, amma an yi shi da sunan ci gaba da abin da ake kai. Haka kuma sai 1966 wannan kotu ta ba kanta izinin saɓa wa hukuncinta na baya, kuma ko bayan nan da ƙyar ta riƙa amfani da izinin.

Akwai wata ƙa'ida da Burke ya ɗora wa nauyi mai yawa, wato daɗewar riƙo na haifar da haƙƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen wanda ya taɓa zama a kotun shari'a a ƙasar Hausa. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya ga wani baƙo yana noma gonarsa ko yana gini a filinsa shekara 10, yana gari, babu abin da ya hana shi magana, bai ce uffan ba, to idan ya zo daga baya ba a sauraren da'awarsa. Hauzi ke nan, kuma tsakanin 'yan'uwa malamai sun tsawaita wa'adin ƙwarai. Ba ina cewa tushensu ɗaya ba ne, amma dalilin ya yi kama: shaidu na mutuwa, mutane sun gina rayuwa a kan yadda abubuwa suke, kuma idan kowace mallaka za a tono asalinta, babu wanda zai kwana da kwanciyar hankali. Burke ya ɗauki wannan ya shimfiɗa a kan gwamnati ɗungurungum. Ya san yawancin sarautu da takobi aka kafa su. Cewa ya yi tsawon zamani da yardar zuriya bayan zuriya ne ke halatta su, ba tsarkin ranar farko ba.

Babban abokin gabar wannan tunani a fagen doka shi ne Jeremy Bentham. Tun 1776 ya kai wa William Blackstone hari, mai sharhin dokokin Ingila da ya fito tsakanin 1765 da 1769, yana zarginsa da yabon duk abin da ya tarar. Bentham ya ce dokar alƙalai irin tarbiyyar kare ce: ba ka gaya masa abin da aka hana, sai ka jira ya yi, ka dake shi. Talaka ba zai iya sanin doka ba sai ya biya lauya ya tono masa ita daga ɗaruruwan littattafai. Maganinsa shi ne a rubuta doka duka a kundi guda, a fili, a auna kowane sashe da amfanin da yake yi wa jama'a. Faransa ta bi hanyar rubuta kundi, ta fito da kundin Napoleon na 1804. A Jamus aka yi muhawarar a 1814 tsakanin wasu masanan doka biyu: Thibaut ya ce a rubuta wa Jamusawa kundi ɗaya, Savigny ya ce doka kamar harshe take, cikin jama'a take girma, kuma zamaninsu bai nuna ba har ya iya daskarar da ita. Kundin Jamus bai fara aiki ba sai 1 ga Janairu 1900. Wannan rigima ta iso har ƙofar gidanmu. Lauyan Kano yana kafa hujja da hukuncin baya saboda gadon Ingila, takwaransa na Maraɗi yana buɗe kundi mai lambobi saboda gadon Faransa. Kundin laifuffuka na Arewa kuma, wanda aka kafa a 1959, daga na Sudan aka ɗauko shi, na Sudan daga na Indiya na 1860 wanda wani ɗan siyasar Birtaniya, Thomas Macaulay, ya tsara, shi kuwa Macaulay a wannan aiki hanyar Bentham ya bi.

Kada ki haɗa Burke da Joseph de Maistre a tukunya ɗaya, ko da yake littattafai kan jera su tare. Maistre, ɗan Savoy, ya yi wa tsarin mulkin Faransa na 1795 ba'a cewa an rubuta shi ne don "ɗan'adam", shi kuwa ya ga Bafaranshe ya ga Ba'italiye ya ga ɗan Rasha, amma bai taɓa haɗuwa da wani wai shi ɗan'adam ba. Har nan sun yi tarayya da Burke. Amma Maistre ya zarce, yana neman iko marar tambaya na sarki da na Fafaroma, yana ganin hauni ne ginshiƙin zaman lafiya. Wannan neman komawa baya ne da ƙarfi, kuma mai son rushe yau don ya dawo da jiya shi ma da tsari a takarda ya zo.

Sai raunin ra'ayin, wanda a ganina babba ne. Thomas Paine ya mayar wa Burke martani a 1791, ya ce babu zaluncin da ya kai mutum ya nemi yin mulki daga cikin kabari, kowane zamani na da ikon tsara al'amarinsa. Ko ba ki yarda da Paine ba, akwai tambayar da Burke bai iya amsawa da kayan aikinsa ba: daɗewa shaida ce ta hikima, ko shaida ce cewa waɗanda abin ke cuta ba su da bakin magana? A zamaninsa wani kango mai suna Old Sarum, inda masu zaɓe ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, yana tura wakilai biyu majalisa, Manchester mai dubban ma'aikata ba ta da nata ko ɗaya. Burke ya ƙi a gyara wannan, shi kansa kuma kujerun da ya fi daɗewa a kai, Wendover da Malton, na aljihun masu kuɗi ne. Sai 1832 aka gyara, ƙasar kuwa ba ta rushe ba. A kan cinikin bayi ya tsara daftarin da zai sassauta shi a hankali har ya mutu da kansa, an hana cinikin a 1807, bautar kanta a 1833. Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma wanda ke cikin mari shi ke biyan kuɗin sannun. Hale kuma, mai misalin jirgi, shi ne alƙalin da ya zauna shari'ar maita a Bury St Edmunds a 1662, aka rataye mata biyu. Tarin hikimar magabata har da wannan a ciki.

Idan aka matsa wa Burke, kamar a shari'ar Hastings, sai ya koma ga dokar adalci ta Ubangiji da ke kan kowa. Wato ma'aunin da yake rarrabe gado mai kyau da mugu daga wajen gadon yake aro shi. Haka kotunanmu ke yi. Ana karɓar dokar al'ada a Najeriya muddin ba ta ci karo da adalci da lamiri mai kyau ba, kuma a 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, da hujjar sashe na 42 na tsarin mulkin 1999. Al'adar ta daɗe iya daɗewa, daɗewar ba ta cece ta ba. A nan Arewa ma, Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da harshen girmama tsofaffin hukumomi wajen mulki ta hannun sarakuna, amma suka ɗaure wa En'e gindi ta yadda ba ta tsoron talaka, kuma wannan na cikin abin da jam'iyyar NEPU ta taso a kansa a Kano a 1950. Hukumar da aka raba da matsin da ke sa ta gyara kanta ta fita daga abin da Burke ke yabo, ko da sunanta da rawaninta na nan.

Duk da haka ina ganin rabin maganarsa na tsaye daram. Ra'ayin riƙau ba zai gaya miki inda ya kamata a dosa ba, amma ya fi kowa sanin abin da kan lalace a hanya. Masanin falsafa ɗan Ingila Michael Oakeshott ya sabunta wannan a wata maƙala ta 1947, ya raba ilimi gida biyu, wanda ake iya rubutawa a matsayin ƙa'idoji da wanda sai a cikin aiki ake koyonsa, ya ce cutar siyasar zamani ita ce ɗaukar na farkon a matsayin shi kaɗai ne ilimi. Duk wanda ya ga doka mai kyau a takarda ta isa ƙauye ta zama wani abu dabam ya san abin da yake nufi.

A jarrabawa za ki fi haɗuwa da ra'ayin ta ƙofar muhawarar doka da tarbiyya. John Stuart Mill ya ce a 1859 hukuma ba ta da hurumin hana baligi wani abu sai don kare wasu daga cuta. Lauya James Fitzjames Stephen, wanda daga baya ya zama alƙali, ya ƙalubalance shi a 1873. Aka sake zagayowa bayan rahoton kwamitin Wolfenden na 1957, wanda ya ba gwamnatin Birtaniya shawarar a daina hukunta luwaɗi tsakanin baligai a keɓe, inda alƙali Lord Devlin ya ce a 1959 tarbiyyar da jama'a suka yi tarayya a kai na cikin abin da ke riƙe al'umma, don haka doka na iya kare ta, masanin falsafar doka H. L. A. Hart kuma ya mayar masa a 1963 cewa babu shaidar canjin tarbiyya na rushe al'umma, kuma ƙyamar mafi rinjaye ba hujja ba ce ta ɗaure mutum. Devlin a nan jikan Burke ne, Hart jikan Bentham da Mill.

Abu ɗaya da zai hana ki ruɗewa: kada ki auna wannan falsafa da jam'iyyun da ake kira na masu ra'ayin riƙau yau a Birtaniya ko Amurka. Yawancin abin da suke karewa, kasuwa sakaka da rage hannun gwamnati, daga gidan masu sassaucin ra'ayi ya fito, shi ya sa masanin tattalin arziki Friedrich Hayek, wanda suke yawan ambato, ya rufe littafinsa na 1960 da bayanin dalilin da ya sa shi ba mai ra'ayin riƙau ba ne. Margaret Thatcher, da take firaministar Birtaniya daga jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ta sayar da kamfanonin gwamnati, ta karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago, ta soke majalisar birnin Landan gaba ɗaya a 1986, duk cikin shekaru goma sha ɗaya. Ko mutum na ganin ta yi daidai ko ba ta yi ba, wannan aikin mai tsari a hannu ne da gaggawar aiwatar da shi, irin wanda Oakeshott ya rubuta maƙalarsa a kansa.